Hazikin yaro a labaran yara: ina abokansa?

Marubutan labaran yara sun daɗe suna son yaro mai baiwa, domin shi ne ke warware abin da ya gagari manya. Fitaccen misali shi ne Matilda, littafin Roald Dahl da ya fito a Ingila a 1988, wanda ke ba da labarin yarinyar da ta fara karanta littattafan manya tun tana shekara huɗu, alhali iyayenta ba su san darajarta ba. Labarin yana da daɗi, amma mafitar da ya ba yarinyar ta cancanci a dube ta da kyau: malamarta ce ta ɗauke ta, aka kuma tsallakar da ita zuwa ajin manya. Ƙawarta Lavender tana nan, sai dai zumuncinsu bai samu fili sosai ba.

A ganina, nan ne irin waɗannan labarai suka fi yin rauni, domin abin da ya fi damun hazikin yaro shi ne samun wanda zai zauna da shi lokacin tara. Duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya san yadda abin yake. Malami ya yi tambaya, aji ya yi tsit, yaro ɗaya ya amsa, sai a miƙa masa bulala a ce ya zane waɗanda suka kasa, ko a naɗa shi monita mai rubuta sunayen masu surutu. Kafin a tashi, an riga an yi masa laƙabi da mai iyayi, kuma a filin ƙwallo babu mai zaɓensa. Wasu yaran sukan koyi ɓoye abin da suka sani don a daina tsangwamarsu, kuma wannan asara ce da ba ta fitowa a takardar sakamako.

Hukumomi ma hanyar warewa suka bi, kamar makarantar hazikai ta gwamnatin tarayya da ke Suleja da wadda jihar Jigawa ta gina a Bamaina. Suna da amfaninsu, amma yara kaɗan suke ɗauka. Sauran suna nan cikin ajin da ya cika maƙil.

Saboda haka ina ganin marubutanmu na Hausa, waɗanda akasarinsu suka raja'a kan labaran soyayya, suna da aikin da ke jiransu. Muna buƙatar labarin da hazikin ba zai zama gwarzo a tsakiyar dolaye ba, labarin da zai nuna shi yana kuskure, yana jin kunya, yana neman taimakon abokin da lissafi ke ba shi wahala amma ya iya gyaran keke ko sasanta faɗa. Yaron da ke ƙarshen aji shi ma mai karatu ne, kuma ba zai ƙarasa littafin da ya mayar da shi abin dariya ba.