Zafi a matsayin magani: abin da yake yi wa garkuwar jiki, da iyakarsa

A shekarar 1927 aka ba likita Julius Wagner-Jauregg, ɗan ƙasar Ostiriya, lambar yabo ta Nobel saboda wani aiki da zai ba mai karatu na yau mamaki. Yakan sanya wa masu tunjere da ya taɓa ƙwaƙwalwa ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro da gangan, ya bar zazzaɓin ya yi aikinsa, sannan ya kashe shi da kwinin. Zuwan fenisilin ne ya binne wannan hanya mai haɗari, amma tambayar da ta bari tana nan: me zafi ke yi wa garkuwar jiki?

Bincike ya nuna cewa idan zafin jiki ya tashi daga digiri 37 zuwa tsakanin 38 da 40 a ma'aunin Selsiyos, fararen ƙwayoyin jini, musamman waɗanda ake kira ƙwayoyin T, sun fi saurin manne wa bangon jijiyoyin jini su ratsa zuwa cikin kaluluwa, inda suke gane maƙiyin da za su yaƙa. Ƙwayoyin da zafi ya takura kuma suna fitar da wasu sinadaran furotin irin su HSP70, waɗanda ke ɗauko gutsattsarin ƙwayar ciwon daji su miƙa wa masu gadin jiki. Haka nan idan likitoci suka ɗumama ƙarin daji, wato dunƙulen ciwon, jini yana ƙara kwarara cikinsa, iskar oksijin ta yawaita, gashin haske, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, ya fi kama shi. A wani gwaji da likitocin Holan suka wallafa a mujallar Lancet a 2000, matan da ke da sankarar bakin mahaifa da aka haɗa musu gashi da ɗumamawa, kashi 51 cikin ɗari sun kai shekara uku a raye, alhali waɗanda aka yi wa gashi kaɗai kashi 27 ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda irin wannan labari kan sauya kama idan ya iso gare mu. Ɗumamawar asibiti awo gare ta: ana kai zafin dunƙulen ciwon digiri 40 zuwa 43 na kusan awa ɗaya, da na'urar da ke bin zafin daki-daki, kuma kullum a matsayin ƙari kan sauran magunguna. Idan zafin ya zarce haka, ƙwayoyin garkuwar da kansu sukan raunana ko su mutu. Sirace a ƙarƙashin bargo ba ya kai zafi cikin ƙari, kuma duk mai tallata shi a matsayin maganin daji yana cinye wa majinyaci lokacin da ba zai dawo ba.

Zazzaɓin yara ma haka ne. Gaskiya ne zafin na taimaka wa garkuwa, amma yaron da jikinsa ya yi zafi a lokacin damina gwajin jini yake buƙata a ranar, domin zazzaɓin cizon sauro kan kai shi ga jijjiga da ƙarancin jini cikin kwana ɗaya ko biyu.