Mun ɗora wa kalmar "na'ura" kayan da ya fi ƙarfinta

Ranar Alhamis ɗiyar ƙanwata ta dawo daga makaranta a nan Makka, ta buɗe littafin kimiyya a kan tabarma, ta ɗora yatsa kan hoton mijhar, wato sunan maikuroskop da Larabci. "Kawu, yaya sunan wannan da Hausa?" Na ce na'urar ganin ƙwayoyin cuta. Ta yi jim, sannan ta ce ita na'urar da ta sani ita ce ƙatuwar ƙafar katako mai juyawa da ke ɗebo ruwan kogi a garin Hama na Siriya.

Gaskiyarta. Daga Larabci muka aro kalmar, muka yi ta laɓta mata kaya, har yau a jaridunmu duk abin da ke da waya ko gilashi na'ura ne. A ganina wannan ragwanci ne, kuma yaranmu na nan, da suke karatu da Larabci, su yake cuta, don suna tashi da zaton Hausa ba ta da bakin kimiyya.

Waɗanda suka raɗa wa kayan nan suna, aikinsu suka duba. A 1625 Giovanni Faber ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, "ƙarami" da "dubawa", aka sami maikuroskop. A 1816 likita Laennec ya naɗe takarda a Faris ya kara a ƙirjin mara lafiya, ya kira abin da ya ƙera "madubin ƙirji", alhali kunne ke aikin. Larabawa sun fi shi dacewa da suka ce samma'a, wato abin saurare. Mijhar kuwa tushensa ɗaya da jahri, karatun bayyane na Magariba da Isha da Asuba: abin da ke fito da ɓoyayye fili. Da na faɗa wa yarinyar haka, sai da idonta ya yi haske.

Mu ma muna da wannan maƙera tun kaka da kakanni. Buɗe ya haifi mabuɗi, auna ma'auni, girbe magirbi, kamar yadda Larabci ya fitar da miftah (mabuɗi) da mizan (ma'auni). Ma'aunin zafi ya zauna a bakin kowa ba tare da an tilasta wa kowa ba.

Daga baya na tuna tsofaffinmu na ce wa mijhar madubin likita. Na gaya mata. Ta ɗauki fensir ta rubuta shi ƙarƙashin hoton, da haruffan Larabci.