Sojan da ya sauka daga jirgi bai gama dawowa ba

Duk lokacin da aka janye wata runduna daga fagen daga a ƙasar waje, akwai wasu hotunan bidiyo da ke cika shafukan sada zumunta, har mutum ya haddace yadda suke tafiya tun kafin ya buɗe su: soja cikin kakinsa ya lallaɓo ajin makarantar 'yarsa, ko ya tsaya a bayan matarsa ba ta sani ba, ta waiwayo, ta fashe da kuka, jama'a su yi tafi, a yanke hoton. Ba na musun cewa farin cikin na gaskiya ne, kuma ba na zargin wanda ya kalla har idonsa ya kawo ruwa. Abin da ke damuna shi ne inda ake yanke hoton, domin daidai wannan wurin ne hukumar da ta tura mutumin yaƙi take sauke nauyinsa daga wuyanta ta ɗora wa iyalinsa, mu kuma masu kallo mu tafi da tunanin cewa magana ta ƙare lafiya.

Ita kanta ba-zatar da ake yi wa iyali ban ga hikimarta ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Manzon Allah (SAW) ya hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa da dare, kuma a kan hanyar dawowa daga wani yaƙi ya umarci sahabbai su dakata kafin su shiga gari, domin matan da mazansu suka jima ba su nan su sami damar kintsawa. Wanda ya duba wannan umarni da kyau zai ga cewa an lura da mutum biyu ne, mai dawowa da wadda ake dawowa gare ta, kuma an yarda cewa ita ma tana buƙatar shiri. A yau an mai da firgitarta abin kallo ga miliyoyin baƙi.

A bar batun kyamara, a shiga cikin gidan. Mutumin da ya yi shekara guda ba ya nan yana dawowa ne da hoton gidan da ya bari a ransa, alhali wannan gida ya sauya tun da daɗewa. Matar da a da take jiran shawararsa kafin ta kai yaro asibiti ta koyi yanke hukunci ita kaɗai da tsakar dare, ta riƙe kuɗin gida, ta yi magana da malaman makaranta, ta tsawatar wa babban ɗa, ta rarrashi ƙaramin, ta amsa tambayoyin surukai, sannan ta kwanta da waya a gefen matashi tana fargabar kiran da ba ta so. Ba ta yi haka don neman iko ba, dole ce ta sa. To, ranar da maigida ya dawo yana tsammanin ya zauna a kujerarsa ya ci gaba da ba da umarni daga inda ya tsaya, sai ya tarar ana gudanar da komai ba tare da shi ba, kuma ana gudanar da shi daidai. Wannan yana yi wa namiji ciwo, musamman wanda ya saba a bariki da cewa maganar na gaba ba a mayar da ita. Ita kuma tana jin cewa duk wahalar da ta sha ba a gani ba, domin shi ake yi wa barka da dawowa, shi aka rataya wa lambar yabo, ita ko sannu da ƙoƙari ba kowa ke tuna ya ce mata ba. Yaron da aka bari a goye yanzu yana tafiya, kuma idan uban ya miƙa hannu sai ya ruga bayan uwarsa yana kuka, don bai san wannan baƙon ba. Wanda aka bari yana ɗan shekara 12 ya fara jin kansa namijin gida, ba zai sauka daga wannan matsayi cikin daɗin rai ba. Babu mai laifi a cikinsu, amma ana iya yin watanni ana zaman doya da manja a gida ɗaya kafin kowa ya gane sabon wurinsa, wasu gidajen kuma ba sa kaiwa ga hakan.

Wannan shi ne halin wanda ya dawo da lafiyarsa cikakkiya. Akwai kuma wanda jikinsa ya dawo babu ko ƙwarzane amma barci ya ƙaurace masa, ƙarar rufe ƙofa tana sa shi zabura, ba ya iya zama ya ba ƙofa baya, idan yana tuƙi ya hangi tarin shara a gefen titi sai ya kauce da ƙarfi, saboda a inda ya fito irin wannan tarin ne ake binne nakiya a ƙarƙashinsa. Ɗabi'un da suka tsare masa rai a can su ne suke wahalar da shi a nan. Sojoji sun daɗe da sanin wannan larura, a Yaƙin Duniya na Ɗaya an danganta ta da girgizar harsashin igwa, wasu kwamandoji kuma suka kira ta ragwantaka, amma sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ita cikin jerin cututtukan da aka amince da su, bayan matsin lambar tsofaffin sojojin Biyetnam da likitocin da ke duba su. Ba kowane soja ne ke kamuwa da ita ba, kuma zalunci ne a riƙa kallon duk wanda ya dawo kamar mai taɓin hankali. Sai dai wanda ya kamu, ba likitan soja ne ke fara ganewa ba, matarsa ce, wadda ba a ba ta horo ko na yini guda ba, ba a gaya mata alamun da za ta lura da su ba, ba a ba ta lambar da za ta kira ba, kuma idan ta yi magana a cikin dangi sai a ce ta tona asirin mijinta. Shi ma ba zai kai kansa ba, don yana tsoron a rubuta a fayil ɗinsa, ƙarin girma ya wuce shi.

Saurin dawowar ma yana da nasa tasiri. Sojojin Yaƙin Duniya na Biyu, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙi a ƙasar Bama, sun dawo ne ta jirgin ruwa, makonni suna kan teku tare da abokan da suka ga abin da suka gani, da yawa ma sai a 1946 suka taka ƙasarsu saboda ƙarancin jirage. Jinkirin ya ɓata musu rai, amma ya ba su lokacin maimaita labari a tsakaninsu har zafinsa ya ragu. Sojan Amurka a Biyetnam kuwa, idan shekararsa ta cika, shi kaɗai ake ɗauke shi a jirgin sama ba tare da bataliyarsa ba, cikin kwana ɗaya ko biyu ya tashi daga daji ya tsinci kansa a falon gidansu. Birtaniya da Kanada sun ɗauki darasi, shi ya sa a lokacin yaƙin Afganistan suke fara sauke dakarunsu a tsibirin Saifurus su ɗan huta tare, a yi musu bayani, kafin a kai su gida. Tsari ne mai kyau, ko da yake 'yan kwanaki ba sa wanke abin da aka tara a watanni.

Tsawon zaman kuma tsohuwar matsala ce. An ruwaito cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya ji wata mata da dare tana kukan kewar mijinta da ke wajen yaƙi, ya tambayi 'yarsa Hafsa iyakar haƙurin mace, sannan ya ƙayyade wa dakarunsa wa'adin da bai wuce wata huɗu zuwa shida ba. A 2007 Amurka, da duk arzikinta, ta tsawaita wa'adin sojojinta na ƙasa a Iraƙi da Afganistan zuwa wata 15, kuma da yawa sun je sau biyu, sau uku, har fiye. Gidan da ya san cewa za a sake kiran maigida ba ya sakin jiki da shi, domin kowa yana tanadin zuciyarsa don rabuwa ta gaba.

Inda na fi zafi shi ne batun haƙƙi, domin a nan ne ake gane ko faretin tarba girmamawa ne ko rufa-rufa. A ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi, suka yi shekaru a hannun Jamusawa a matsayin fursunoni, suka dawo suna neman albashinsu da aka riƙe. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama sun ce adadin ya kai ɗaruruwa, kuma sai a 2024 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne. A ranar 28 ga Fabrairu 1948, 'yan mazan jiya a birnin Akara suka nufi fadar gwamna da takardar koke kan alkawuran da ba a cika musu ba, 'yan sanda suka harbe uku daga cikinsu, tarzomar da ta biyo baya kuma ta gaggauta tafiyar da ta kai Gana ga 'yancin kai a 1957. Kada mu ce halin Turawan mulkin mallaka ne kawai. Juyin mulkin Kwaddibuwa na Disamba 1999, wanda ya kifar da shugaban ƙasar Henri Konan Bédié, ya faro ne daga boren sojojin da suka dawo daga aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya suna neman alawus ɗinsu. A 2008 wasu sojojin Nijeriya da suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya suka tare hanya a Akure saboda irin wannan kuɗi, kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai a 2009, kafin daga baya a sassauta hukuncin. Ban goyi bayan tawaye a cikin soja ba, horo shi ne ƙashin bayan aikin, amma duk wanda ya bi waɗannan labarai zai ga cewa abu ɗaya ne ke maimaituwa: an kammala lissafin jirgin da zai kai su kafin su tashi, lissafin abin da za a ba su kuwa sai sun dawo sun yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan. Kuma kuɗin nan ba na sojan ba ne shi kaɗai, iyalinsa sun riga sun ci bashi a kansa, sun ɗage biyan kuɗin makaranta da na haya suna cewa idan ya dawo za a biya.

An taɓa yin abin da ya dace, kuma an ga amfaninsa. Tun yaƙi bai ƙare ba, a watan Yuni 1944, shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan dokar da ta ba sojojin Amurka masu dawowa kuɗin karatu da lamunin gida da tallafin rashin aiki, kuma kusan mutum miliyan 8 suka yi karatu ko koyon sana'a da ita, duk da cewa baƙaƙen fata da yawa an tauye su wajen aiwatarwa. Amma ita wannan ƙasar ce ta ɗauki har zuwa 1991 kafin ta yi dokar kula da sojojinta waɗanda gubar da ta fesa don kashe ganyen daji ta yi wa illa a Biyetnam, kuma har zuwa 2022 kafin ta faɗaɗa kulawa ga waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a sansanonin Iraƙi da Afganistan. A tsakanin waɗannan shekaru, iyalai ne suka yi jinya daga aljihunsu.

Na san akwai mai cewa ai shi ya zaɓi aikin, ya sa hannu, yana karɓar albashi. Gaskiya ne a ƙasashen da babu tilas, amma 'yarsa mai shekara uku ba ta sa hannu a kan komai ba. Akwai kuma mai cewa yaƙin tun asali zalunci ne, don haka ba ya tausayin wanda ya je. Ni ma akwai yaƙe-yaƙen da nake ganin ba su da hujja, mamayar Iraƙi ta 2003 tana cikinsu, kuma wanda ya aikata laifi a fagen daga ya kamata ya gurfana gaban shari'a ko da ya dawo da lambobin yabo cike da ƙirji. Sai dai ƙin yaƙin dalili ne na matsa wa waɗanda suka yanke shawararsa su biya kuɗinsa har ƙarshe, tun da shugaban da ya san cewa zai ɗauki nauyin kowane mai rauni na tsawon shekara 40 zai yi dogon tunani kafin ya sake tura wasu. Ɓoye farashin yaƙi tsohuwar dabara ce, daga 1991 zuwa 2009 gwamnatin Amurka ta hana 'yan jarida ɗaukar hoton akwatunan gawar sojoji da ake saukewa a sansanin Dover, alhali hotunan runguma a filin jirgi ba a taɓa hana kowa ɗauka ba.

Abin da nake ganin ya kamata a nema daga kowace hukumar soja ba shi da wuyar fahimta. A sanar da iyali ranar dawowa da wuri, a tara matan da mazan da aka bari a yi musu bayanin abin da za su iya gani da inda za su kai kuka ba tare da an rubuta a fayil ɗin kowa ba, a biya alawus ɗin gaba ɗaya kafin jirgi ya sauka, a sake duba lafiyar sojan bayan wata uku da wata shida, lokacin da baƙi sun watse kuma alamun sun fara fitowa, sannan iyalan waɗanda ba su dawo ba a sallame su da haƙƙinsu kafin a yi maganar karɓar makullin gidan bariki. Mu dangi da maƙwabta kuwa, mu rage cika gidan a makon farko, mu daina tambayarsa ko mutum nawa ya kashe, kuma idan mun zo yi masa barka da dawowa mu tambayi matar gidan yadda take samun barci.