Kafin a sake kunna matatar Kaduna, a fara duba ruwanta

Jama'a, duk sanda aka tayar da zancen gyaran matatar mai ta Kaduna, tambayar kowa ɗaya ce: yaushe fetur zai sauko? Ni kuwa hankalina yana kan rafin Romi.

Tun 1980 matatar nan take zaune a hanyar Kachia, ƙarfinta ya kai ganga 110,000 a rana, kuma ruwan da ta gama aiki da shi ta Romi yake bi ya faɗa kogin Kaduna. Bakin rafin nan cike yake da 'yan lambu. Na sha tsayawa ina kallon wani dattijo, wando naɗe har gwiwa, yana ɗibar ruwa da bokiti yana zuba wa alayyafo da latas. Gobe ganyen yana kasuwa, jibi yana tukunyar wani.

Ruwan kowace matata a duniya yana ɗauke da maiƙo, da finol (wani sinadari mai guba), da amoniya, da salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da ƙarafa irin su dalma. Maiƙon da sauƙi, sama yake tasowa a kwashe. Wanda ya narke a ciki sai a tura shi tanki, a hura iska, ƙwayoyin bakteriya su cinye shi. Hanya ce mai arha, amma fa masu rai ne. Finol in ya yi yawa kashe su yake yi, ƙarfe kuma ba abincinsu ba ne.

A nan fasahar nano take da rana. Fasaha ce ta aiki da gari mai laushin da ido ba ya ganin ƙwayarsa, da ma'aunin nanomita ake auna ta. Silin gashi ɗaya kaurinsa ya kai nanomita wajen 80,000. Garin sinadarin titaniyam dayoksaid in rana ta haska shi yana farfasa ragowar finol, rana kuwa Allah Ya hore mana ita. Wanda ya fi burge ni shi ne baƙin garin ƙarfe mai bin maganaɗisu: ya kama dalmar, sannan a janye shi daga ruwan ɗungurungum. Sharaɗin ke nan da ba zan sassauta a kai ba. Garin da ba a iya kwashewa, in ya sulale cikin rafi, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Don haka bakteriya su ɗauki babban kaya, nano ya ƙarasa. Masana kuwa ba sai an je Jamus ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello, ga NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai, a Basawa, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa a Mando.

Roƙona ga masu ruwa da tsaki, a sa wannan cikin kuɗin gyara tun yanzu. A riƙa gwada ruwan Romi duk wata, a rubuta sakamakon da Hausa, a kai wa masu unguwannin Rido da Romi su karanta wa 'yan lambu.