Ɗacin gahawa da ɗacin goro

A shekarun da na yi a Jidda ban taɓa jin kunya irin ta ranar da wata dattijuwa Bahaushiya, haifaffiyar Makka wadda kakanninta suka zo hajji a ƙafa ta hanyar Sudan, ta kawo mini ziyara tare da 'ya'yanta mata ba. Don in girmama ta sai na ɗauko garin gahawar da maigida ya sayo a kasuwar Balad, na zuba shi a tukunya tare da hel, wato 'ya'yan ƙamshin nan da ake kira cardamom da Turanci, na bar shi yana ta ɓararraka har na gama shirya dabino da turaren wuta. Ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye finjalin a hankali, ta ce, "'Yar nan, Allah ya yi miki albarka, amma wannan ai maɗaci kika jiƙa mana." Na amsa da cewa ai gahawa dama abu ne mai ɗaci, sai ta girgiza kai ta ce in kawo mata risho da ruwa.

Abin da na koya a zaman nan shi ne yawancin ɗacin daga hannun mai dafawa yake fitowa. Suya ita ce farko, domin ƙwayar gahawa kamar gyaɗa take, idan ta wuce misali a kan wuta sai ɗanɗanon ƙuna ya danne komai, shi ya sa mutanen Saudiyya suke soya tasu sama-sama, ta fito ruwan ƙasa mai haske, har ruwanta a finjali ya yi kama da ruwan zuma. Niƙa ma tana da nata laifin, saboda garin da ya yi laushi kamar fulawa yakan saki ɗacinsa da sauri, ga shi kuma nawa ya yi wata biyu a buɗe a cikin zafin Jidda. Hajiya ta rage wuta, ta bar gahawar ta dahu kimanin minti goma, sannan ta sauke ta jira garin ya kwanta, sai a ƙarshe ta daka hel ta zuba a cikin dalla, wato butar nan mai dogon baki, ta tace gahawar a kansa. Ta ce hel ɗin da aka tafasa ya daɗe shi kansa ɗaci yake yi, kuma tukunyar da ba a wanke tsohon maiƙon gahawa daga cikinta ba ba za ta taɓa ba da mai daɗi ba.

Dole in faɗi gaskiya, a wannan fanni sun fi mu nesa ba kusa ba. A Saudiyya ana riƙe dalla da hagu a miƙa finjali da dama, ba a cika shi, ba a sa sukari, dabino ne yake tafiya da shi, kuma baƙo zai yi ta karɓa har sai ya girgiza finjalin alamar ya ƙoshi. Gwamnati ma ta ware 2022 a matsayin shekarar gahawar Saudiyya, ana alfahari da wadda ake nomawa a duwatsun Jazan. Mu kuwa abin da muka fi sani shi ne garin gwangwani da na ƙunshin leda, wanda akasari daga nau'in robusta ake yin sa, mai ninkin sinadarin kafeyin, wanda ke hana barci, a kan nau'in arabika kuma mai ɗaci tun asali, sai mu lulluɓe shi da madara da sukari cokali uku mu ce mun sha kofi. Ga tsaunin Mambila yana iya fitar da arabika, amma sau nawa aka taɓa ba ku ita a gidan suna?

Duk da haka maganar Hajiya ta tsaya mini a rai, domin ban yarda cewa ɗaci aibi ne ga Bahaushe ba. Mu ne fa masu fasa goro da sassafe, mu tauna shi da ɗacinsa har zaƙin ya biyo baya idan an kurɓi ruwa, kuma da shi muke ɗaura aure muke raɗa suna. Da za su tafi na ɗauko goro fari guda uku daga cikin wanda wata alhajiya ta kawo mini daga Kano, na nannaɗe a tsumma mai danshi tun watan jiya ina lallaɓa shi. Hajiya ta karɓa da hannu biyu ta shinshina, ta ce rabonta da irinsa tun mahaifiyarta tana da rai. Ƙaramar 'yarta kuwa, wadda Hausarta ta fi karkata ga Larabci, ta gutsuri ɗan kaɗan ta yamutsa fuska, ta nemi inda za ta tofar, sannan ta miƙo mini finjalinta in ƙara mata gahawa.