Yaro da abokinsa mai shan jini

Jiya da daddare muna falo ina kallon The Little Vampire da yaran yayata, na 2000 ɗin nan ba katun ɗin 2017 ba, sai ga Hajiya ta shigo daidai inda ɗan yaron nan mai fiƙoƙi ya kafa wa saniya baki a wuya. Ta ce innalillahi, yanzu mayu kake nuna wa jikokina? Ƙaramin ya yi caraf ya ce Hajiya ai shi ba ya taɓa mutane, jinin shanu kawai yake sha. Ta ce to shanun ba dukiyar wani ba ce? Wallahi sai da na tsayar da fim ɗin don dariya.

Ga wanda bai gani ba, labarin Tony ne, yaro ɗan Amurka da iyayensa suka koma Sukotland, ba shi da aboki ko ɗaya, a makaranta cin zalinsa ake yi, a gida kuma kullum mafarkin masu shan jini yake yi ba mai saurarensa, har wani dare jemage ya faɗo ɗakinsa ya rikiɗe ya zama yaro, Rudolph, wanda danginsa suka shekara 300 suna neman wani dutse da zai mai da su mutane. Asalinsa littafin yara ne da wata Bajamushiya Angela Sommer-Bodenburg ta fara fitarwa a 1979.

Ni dai ban yarda cewa irin finafinan nan maita suke koya wa yara ba. Su Turawa wannan dodon ya daɗe da zama abin wasa a wajensu, daga littafin Dracula na 1897 da yake hana manya barci har aka zo Hotel Transylvania a 2012 inda Dracula ɗin ya koma uba mai otal da ke fargabar kar 'yarsa ta so ɗan Adam. Mu kuwa kalmar maye ba ta wasa ba ce, ana jifan tsohuwa da ita unguwa ta ƙaurace mata har 'ya'yanta su rasa masu aure, shi ya sa ban ga laifin Hajiya ba. Kuma in ka lura mugun fim ɗin ma ba mai shan jinin ba ne, Rookery ne, mafaraucin da ke binsu da babbar mota da fitilu.

Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Baƙo ya shigo ɗakin yaro cikin dare, yaron ya ɓoye shi, ya bi shi suka fice iyaye ba su sani ba, fim ɗin kuma ya nuna hakan a matsayin amana da jarumta. Eh daga baya iyayen sun gane har sun taimaka, amma ɗan shekara bakwai ba wannan zai riƙe ba, tashi sama cikin dare zai riƙe. Da aka gama na tambaye su, in wani ya ce ku zo mu je kar ku faɗa wa Umma fa? Babbar ta ce za ta faɗa. Ƙaramin ya yi shiru can ya ce, Kawu, in yana iya tashi sama fa?

Yau da safe na kira yayata na ce ta zauna da shi.