Ruwan Baƙo a Garin 'Yan Caca

Da na gaya wa Yayana cewa zan yi kwana uku a Las Vegas ni kaɗai, shiru ya yi a waya har na zaci layin ne ya katse. Can sai ya ce, "Kai yanzu duk faɗin Amurka ka rasa inda za ka je shan iska sai garin 'yan caca? To, kada ka kuskura Hajiya ta ji." Na ce, "Yaya, kallo kawai zan je yi." Ya ce, "Duk wanda aka cinye, da kallo ya fara."

Shekarata tara a Houston, ina jin labarin garin a bakin abokan aiki, ban taɓa leƙawa ba. Na je, na dawo, ban zuba ko sisi ba. Ba wai na fi kowa tsoron Allah ba ne, rowa ma ta taimaka. Amma na dawo da wani abu da ya tsaya mini a rai, kuma ba game da Amurkawa ba ne.

Tun daga tagar jirgi za ka ga hamada tsagwaronta, ƙasa ja da duwatsu, kamar ka doshi Agadas. Kana sauka a filin jirgin Harry Reid, kafin ka kai inda ake ɗaukar jaka, injinan caca sun riga sun tarbe ka da ƙara da walƙiya. Garin ba ya ɓoye sana'arsa. Kuma yaro ne ƙarami in ana maganar garuruwa: a 1905 aka yi gwanjon filayensa na farko saboda layin dogo, lokacin kasuwar Kurmi ta haura shekara 400 tana ci. A 1931 jihar Nevada ta halatta caca, a shekarar kuma aka fara gina madatsar ruwa ta Hoover a kan kogin Colorado. Caca ta kawo kuɗi, madatsa ta kawo ruwa da wuta. Ruwan saman da ke sauka a garin a shekara wajen milimita 100 ne kawai, abin da Kano ke samu cikin 'yan makonnin Agusta, amma baƙi kusan miliyan 40 ke zuwa duk shekara, kowa yana wanka yana sha.

Babban titin da gidajen cacar suka yi layi a kai ya kusa kilomita bakwai. A can aka kwaikwayo hasumiyar Faris da rabin tsayinta, ga magudanan ruwa irin na Venice da kwale-kwale a cikin gini, ga wani otal da aka gina a 1993 da siffar dalar Fir'auna. Na tsaya gabansa ina dariya ni kaɗai: ni ɗan gindin Dala, ga ni gaban dala, ana jiran in fito da dala.

Gine-ginen suna yaudarar ido. Ka hango otal kamar ka miƙa hannu ka taɓa, ka yi minti ashirin kana tafiya bai matso ba. A watan Yuni na je, rana tana dukan ƙeya irin ta watan Afrilu a Sakkwato, busasshiya, gumi na bushewa tun kafin ya fito. Ƙishirwa ce ta kora ni cikin wani gidan caca. Sanyi ya buge ni tun daga ƙofa. Na duba ban ga agogo ba, ban ga taga ba, ba ka sanin azahar ce ko tsakar dare. Wata mata ɗauke da tire tana zagayawa tana tambayar waɗanda ke zaune gaban injina abin da za su sha, kyauta. Na tare ta na ce ko zan samu ruwa. Ta dube ni da fara'a ta ce, "Kana wasa ne?" Na ce a'a. Fara'ar ba ta ragu ba ko kaɗan, ta nuna mini wani kanti can ƙarshen zauren. Dala biyar na sayi ƙaramar gorar ruwa.

Wannan ruwan shi ne ya buɗe mini ido. A unguwarmu, akwai randa a ƙofar zauren kakanmu da moɗa a kan murfinta, mai wucewa ya sha ya yi gaba, ba wanda zai tambaye shi daga ina. Baƙo in ya yi sallama, ruwa ake fara kawo masa kafin a ji abin da ke tafe da shi. Muna cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. To, Las Vegas ta ƙware a shimfiɗar fuska fiye da duk garin da na taɓa shiga, sai dai kowane murmushi an san nawa zai dawo da shi. Abin shan da ake ba ɗan caca kyauta tsaba ce da ake watsa wa kaza. Ko ɗakina ma, sai na ratsa ta tsakiyar injinan kafin in kai ga lif, safe da dare. Ranar tafiya kuma na tarar da wani ƙarin kuɗi na kowane dare a takardar biya, wai na wurin ninkaya da intanet, ni da ko ƙafa ban tsoma ba.

Na daɗe tsaye gaban teburin nan mai faifai da ake juyawa a jefa 'yar ƙwallo. Gurbi 38 ne a faifan: lamba 1 zuwa 36, sai sifili ɗaya da sifili biyu. In ka zaɓi lamba ɗaya ta fito, ninki 35 za a biya ka. Da adalci ake so, 37 ya kamata a biya. Wannan ɗan giɓin shi ne komai: a kowace dala 100 da ta bi ta kan teburin, gidan yana riƙe dala biyar da 'yan kai in tafiya ta yi nisa. Ba sai sun yi maguɗi ba, ba sai sun yi tsafi ba. Lissafi ne, an rubuta shi a fili, kuma da shi aka gina duk fitilun da ake zuwa ɗauka a hoto. Wani saurayi a gefena ya ci sau biyu a jere, abokansa suka ɗauki ihu. Mai juya faifan ko gezau, ya tura masa kuɗinsa yana taya shi murna. Ya san kogi ba ya jin haushin mai ɗiban guga.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wata tsohuwa da na gani da asuba. Na sauko neman shayi bayan na yi sallah, zauren ya yi tsit sai kukan injina. Tana zaune ita kaɗai, sa'ar Hajiyarmu, sandarta jingine da kujera, katinta a soke cikin injin da igiya ɗaure a rigarta. Tana danna maɓalli ɗaya, ba murna ba ɓacin rai, kamar mai jan carbi. Na je na dawo da shayina, tana nan yadda na bar ta.

A nan ne tafiyar mutum shi kaɗai take da daɗi, a nan ne kuma take da haɗari. Ba wanda ya san ni a garin. Ba aminin Baba da zai hango ni, ba maƙwabcin da zai kai labari gida. Mu da muka tashi a cikin birni mun san rabin tarbiyyarmu idon jama'a ne. Ɗan caca a da, bayan gari yake zuwa ko lungun tasha da kartarsa, yana waige-waige, kuma in an san shi ba mai ba shi 'ya. Las Vegas kuwa wannan rashin idon shi take sayarwa. A 2003 aka fito da tallan garin da ke cewa abin da ya faru a nan, a nan zai tsaya.

Har na fara jin kaina wani waliyyi, sai na tuna hutun da na je gida. Gidan kallon ƙwallon bayan layinmu, rabin yaran ba wasan suke kallo ba, wayoyinsu suke kallo. "Wasa ɗaya ne ya yanka mini tikiti," haka za ka ji suna faɗa, kullum wasa ɗaya. Yaro ya jera wasa goma sha biyar da naira ɗari biyu yana mafarkin miliyan, bai san kowane wasa da ya ƙara, kason kamfanin ne yake ƙara kauri ba. A 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca da dama a Kano, kuma a watan Nuwamba na shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Madalla. Amma ƙofar shago ake sa wa kwaɗo, wayar tana aljihu.

Shi ya sa nake ganin, in dai tsoro za a ji, ba Las Vegas ce abar tsoro ba a wurinmu. Don ka yi caca a can sai ka sayi tikitin jirgi, ka kama ɗaki, ka cika shekara 21, masu gadi suna duba katin shaida, kuma bayan kwana uku dole ka tattara ka koma gida. Tamu ba ta da ƙofa, ba ta da mai gadi, ba ta da ranar komawa, ko ruwan sanyin ma ba ta bayarwa. Ɗan shekara sha bakwai yana kwance a ɗakin mahaifiyarsa yana yi, ita tana zaton karatu yake. Amurkawan ma sun faɗa wannan ramin tun da kotun ƙolinsu ta buɗe ƙofar cacar wasanni a 2018, sai dai su suna kiran abin da sunansa. Mu kuwa mun san ayar da ta haɗa caca da giya a Suratul Ma'ida tun muna allo, sai muka canza mata suna, muka ce hasashen ƙwallo ne.

Ba zan ce ban ji daɗin tafiyar ba. Ruwan da ke rawa gaban otal ɗin Bellagio na kalla har sau uku, kyauta ne kuma ya cancanci tsayuwa. Na je madatsar Hoover na ga farin zanen da ruwa ya bari a jikin duwatsun tafkin Mead, alamar inda ya taɓa kaiwa kafin ya ja baya, na tuna Tafkin Chadi.

Ina zaune a filin jirgi ina jiran tashi, injina na ta kuka a bayana, sai ga saƙo daga ɗan Yayana, wanda bai daɗe da gama sakandare ba. Ashe labari ya bazu a gida. Bai tambaye ni hamada ba, bai tambaye ni hasumiya ba. Cewa ya yi, "Baba ƙarami, don Allah nawa ka ciyo?"